Injin Raba Mai da Madara: Daga Suwidin Har Rugar Fulani

 Ga taƙaitaccen bayanin da muka gabatar a filinmu na tarihi na wannan mako, mun rubuta shi saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji ko suna kan hanya.

Duk wanda ya shiga kasuwar bakin iyaka ranar da take ci, zai ga nono iri biyu. Ga na ƙwarya, an rufe da faifai, mai shi na zaune a inuwa da ludayinta da curin furarta. Can gefe kuma, a shagon Alhaji, ga buhun garin madara an buɗe bakinsa, ana awo ana ƙullawa a leda. Mai shayi na can yake saye. Masu haɗa yogot na gida su ma can suke zuwa. Har ma akwai masu tallan fura da yanzu garin suke damawa in rani ya yi tsanani. To, abin da ya haɗa ƙwaryar nan da buhun nan wani inji ne da aka ƙera kusan shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Aikinsa guda ɗaya ne tak, ya raba mai da madara. Tarihinsa muka bi, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da masu sauraro suka sha yi mana: me ya sa ƙasa mai shanu kamar tamu take shan madarar da ta ƙetaro teku?

Kafin zuwan inji

Iyayenmu mata na ruga ba sa buƙatar a koya musu cewa mai ya fi ruwa rashin nauyi. In an tatso madara aka zuba a ƙwarya aka rufe, ta kwana, da safe za a tarar man ya taso sama ya yi kauri. In an bar shi haka, kindirmo ke nan. In an kwashe na saman aka zuba a gyandama aka yi ta kaɗawa, sai man shanu ya dunƙule ya fito, a wanke shi a cura. Abin da ya saura shi ne nonon da ake kaiwa kasuwa. In an soya man, ya daɗe bai lalace ba, ya yi tafiya mai nisa cikin kwalba ko gora.

Turawa ma haka suke yi a da. Matan manoma ne ke zuba madara cikin faffaɗan tasoshi, su jera a ɗaki mai sanyi, su jira kwana ɗaya ko fiye, sannan su kwashe man da babban cokali. Wahalar hanyar iri ɗaya ce ko'ina. Tana cin lokaci, madara na iya tsami kafin man ya gama tasowa, kuma komai ƙwarewar mace, sai wani kaso na man ya maƙale a ƙasa. Ku tuna kuma cewa madarar saniya kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce. Man da ke cikin ta shanun Turai kimanin kashi 4 ne. Sai an tara lita ashirin da ɗoriya kafin a samu kilo ɗaya na bota. Ke nan duk ɗan abin da ya tsere asara ce babba. Shanunmu, irin su bunaji da rahaji da bokoloji da azawak, madararsu ta fi ta Turai mai, sai dai ba ta kai tata yawa ba.

Mutumin da ya gaji da jira

A 1845 aka haifi Gustaf de Laval a wani gari mai suna Orsa, a ƙasar Suwidin, can arewacin Turai. Ya yi karatun injiniya, ya ƙara da na sinadarai a jami'ar Uppsala, sannan ya kama aiki a masana'antar ƙarfe. Ba makiyayi ba ne. A 1877 ya ci karo da labari a wata mujallar Jamus ta masu sana'ar madara, cewa wani Bajamushe mai suna Wilhelm Lefeldt ya ƙera tukunyar ƙarfe mai juyawa da ke raba mai da madara. Aibin injin Lefeldt shi ne dole a tsayar da shi, a kwashe man, a sake zubawa, a sake tayarwa. De Laval ya ce shi zai yi wanda ba ya tsayawa, madara na shiga ta sama, mai da tsala na fita kowa ta ƙofarsa. A 1878 ya samu takardar mallakar wannan ƙirƙira. A shekarar dai, wani maƙeri ɗan ƙasar Danmak, L. C. Nielsen, shi ma ya fito da nasa mai irin wannan aiki. A 1883 de Laval da abokinsa Oscar Lamm suka kafa kamfani a birnin Stockholm mai suna AB Separator, wanda daga 1963 ake kira Alfa-Laval.

Yaya injin yake aiki? Duk wanda ya yi kiwo yana yaro ya san majajjawa. In ka sa dutse kana wulwulawa, za ka ji yana jan hannunka yana neman ficewa waje, kuma dutse mai nauyi ya fi tsakuwa ja. To, haka abin yake. Ana zuba madara cikin wata tukunyar ƙarfe da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Ɓangaren da ya fi nauyi, wato ruwa-ruwan, sai juyin ya jefa shi jikin bangon tukunya. Man kuwa, da yake ba shi da nauyi, sai ya taru a tsakiya. Aka yi wa kowanne bututunsa. Aikin da ƙwarya ke yi a dare guda, inji ya yi shi kafin a gama gaisawa, kuma madarar tana nan da ɗanyenta, ba ta yi tsami ba.

A 1889 kamfanin ya sayi wata dabara daga hannun wani Bajamushe, Clemens von Bechtolsheim. Dabarar ita ce a jera wasu faya-fayan ƙarfe masu siffar mazurari, a kifa ɗaya kan ɗaya cikin tukunyar, da ɗan siririn fili tsakaninsu. Madara sai ta rarrabu ta bi ta waɗannan filaye, ɗigon mai ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya rabu. Da wannan, ƙaramin inji ya riƙa yin aikin babba, kuma man da ke tserewa ya zama ɗan kaɗan ainun. A waɗannan shekaru ne kuma aka fito da na hannu, wanda ake juyawa da mariƙi kamar injin niƙan markaɗe, ba wuta ba fetur. Daga baya aka ɗauki wannan fasaha aka kai ta wurare da dama. Da irin wannan inji ake cire ruwa da datti daga man jiragen ruwa, da shi ake tace man girki a manyan masana'antu, har a asibiti da ɗan'uwansa ake raba jini da ruwansa. Amma a madara ya fara, kuma a nan ya fi canza rayuwar mutane.

Ƙananan manoman Danmak

To, inji ya samu, amma yana da tsada, kuma manyansa na farko da tururi suke aiki. Mai saniya uku ko huɗu ba zai iya saye ba. A Danmak, kafin lokacin, manyan masu gandu ne ke cin kasuwar bota. Suna da shanu ɗaruruwa da ɗakunan sanyi da ƙwararrun ma'aikata, botarsu tana tafiya Ingila da tsada. Ta talakawan ƙauye kuwa, kowace mace da irin nata hannun, ƴan kasuwa na saye a wulaƙance. Ga shi kuma a shekarun 1870 hatsi mai araha ya riƙa kwararowa daga Amurka da Rasha, farashin hatsinsu ya faɗi warwas, dole manomi ya koma ga dabba ko ya tashi.

A 1882 manoman wani ƙauye mai suna Hjedding, a yammacin ƙasar, suka zauna suka yi shawara. Suka ci bashi da sunansu gaba ɗaya, suka gina ɗaki, suka sayi inji, suka ɗauki ƙwararren mai haɗa bota suna biyansa albashi. Kowa ya yi alkawarin kawo duk madararsa, ban da wadda za a sha a gida. Ana biyan mutum gwargwadon abin da ya kawo, ribar ƙarshen shekara ma haka ake raba ta. Tsalar da inji ya fitar kuwa, ana mayar wa mai ita, ya koma gida da abarsa ya ba maruƙa da aladun da suke kiwo. Sannan al'adar da ta kafu a irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce, ranar taro kan mutum ake ƙirgawa, ba a ƙirga kan shanu. Mai saniya biyu da mai hamsin, ƙuri'a ɗaiɗai gare su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙauyuka suka gani suka kwaikwaya. Kafin shekarar 1900 irin waɗannan ɗakunan madara na haɗin gwiwa sun haura dubu a wannan ƴar ƙaramar ƙasa. Botar talaka ta kamo ta mai gandu, ta shiga jirgi zuwa Ingila da farashi ɗaya. Ku lura da abu uku a nan, domin za mu dawo kansu. Injin na masu shanu ne. Man nasu ne. Tsalar ma gidansu take komawa.

Akwai abu na huɗu da bai kamata a ɓoye ba. A da, aikin madara a ƙauyukan Turai na mata ne, su ke da sani, su ke da hannu. Da inji ya zo, aikin ya bar ɗakin girki ya koma masana'anta, a hankali maza suka karɓe shi. Ku riƙe wannan ma.

Maganin algus

Da aka fara tara madarar mutane da yawa a tukunya ɗaya, sai wata matsala ta taso, wadda mu ma mun san ta. In da awo ake biya, me zai hana wani ya ƙara ruwan rijiya, ko ya kwashe man kafin ya kawo? Mai gaskiya sai ya zama shi ke ciyar da maƙaryaci. Ƙungiyoyi da dama sun sha rigima a kan haka.

Maganin ya fito daga wannan dabara ta juyi. A 1890 wani malamin jami'a a jihar Wisconsin ta Amurka, Stephen Babcock, ya fito da hanyar auna man da ke cikin madara, kuma ya ƙi yin rajistar mallakarta, ya bar wa duniya kyauta. A 1892 Niklaus Gerber na ƙasar Suwizalan ya fito da tasa, wadda ita ta fi yaɗuwa a Turai da Afirka da Indiya. Ana ɗibar ƴar madara kaɗan a zuba a siririyar kwalba mai zane-zanen awo, a ƙara wani ruwan asid mai ƙarfi da ke narkar da komai ban da mai, a sa a ƙaramin inji a juya na ƴan mintoci. Man sai ya hau wuyan kwalbar, kowa ya karanta da idonsa. Daga nan aka koma biyan mutum gwargwadon man da ke cikin madararsa. Wanda ya zuba ruwa, wahalar ɗauko ruwan kawai ya sha. Kuma makiyayi ya samu hanyar sanin wace saniya ce ke biyan kuɗin abincinta.

Da injin ya iso ƙasashenmu

A 1924 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka kafa cibiyar likitocin dabbobi a Vom, kusa da Jos, musamman don yaƙi da cutar bushiya da ta sha ƙarar da garkunan kakanninmu. A shekarun 1930 ma'aikatar ta fara sha'awar madarar Fulani, tana neman man shanu mai tsabta wanda zai shiga kasuwar Turawa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, jiragen ruwa suka yi wuya, botar Turai ta daina isowa yadda aka saba, sai aikin ya ƙara ƙarfi. Aka kafa wuraren sayen madara kusa da rugage, da injinan hannu, ana raba man a nan take a kai shi Vom a yi bota.

Ga inji iri ɗaya da na Danmak, amma labarin ya sha bamban. Injin na gwamnati ne. Ita ke yanke farashi, ita ke da kasuwar, kuma bukatar Turawa da ma'aikatan birni aka yi shi dominta. Ga shi shanunmu ba a turke suke ba. Da damina madara ta yi yawa har ta rasa masaya, da rani kuma garke ya yi kudu neman ciyawa da ruwa, inji ya zauna yana tsatsa. Sannan ita Bafulatana ta iya lissafi. In ta sayar da ɗanyar madara, sau ɗaya za ta karɓi kuɗi. In ta sarrafa da kanta, ga kuɗin man shanu, ga na nono, ga ribar fura. Ba ta da dalilin barin uku ta kama ɗaya. Da yaƙi ya ƙare, jirage suka dawo da kayan waje, wannan ciniki bai zama abin da aka yi zato ba.

A Nijar, bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa masana'antar madara a Yamai a farkon shekarun 1970, wadda aka sani da OLANI, daga baya a ƙarshen shekarun 1990 aka sayar da ita ga ƴan kasuwa. Manufar ita ce a sayi madarar makiyaya a sarrafa wa mutanen birni. Amma matsalar nan ta rani da damina, da nisan hanya, da zafin da ke lalata madara cikin ƴan sa'o'i, ta sa masana'antun madara na biranenmu, a Nijar da Najeriya da maƙwabta, suka fi dogara da garin madara na waje. Buhu ba ya tsami, ba ya tafiya kiwo, kuma ba ya buƙatar firji.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa sai a ƙasar sanyi. Indiya ma ƙasar zafi ce, kuma yawancin masu dabbobinta ba su wuce saniya ko ɓauna biyu zuwa uku ba. A 1946 manoman yankin Anand, a jihar Gujarat, suka gaji da wani kamfani da dillalansa da ke sayen madararsu yadda suka ga dama, suka yi yajin kai madara, suka kafa ƙungiyarsu wadda aka sani da Amul. Kowane ƙauye da wurin tarawa, safe da yamma, a auna man a gaban mai ita, a biya ba da jinkiri ba. Mata da yawa ne ke kawowa, su ke karɓar kuɗin. Daga 1970, ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien, aka baza tsarin a faɗin ƙasar. Abin ban sha'awa, Turai ta ba su tallafin garin madara, amma ba su bari ya shiga kasuwa ya karya farashin makiyayi ba. Hukumarsu ce ta sayar da shi, ta gina masana'antun ƙungiyoyin manoma da kuɗin. Kafin shekarar 2000 Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen yawan madara.

Abin da ke cikin buhu

Yanzu mu koma shagon Alhaji. A manyan masana'antun Turai na yau, jikokin injin de Laval na raba dubban lita a sa'a guda. Man ya tafi a yi bota da sauran kayan marmari masu tsada. Tsalar kuwa ta yi yawan da ba maruƙan da za su shanye ta. Sai a dafa ta a rage ruwan, a fesa ta kamar raɓa cikin wata doguwar hasumiya mai iska mai zafi, ta sauko ƙasa ta zama gari.

Daga 1984 ƙasashen Tarayyar Turai sun ƙayyade wa manomansu yawan madarar da za su fitar, don kada ta yi ambaliya. A ƙarshen watan Maris na 2015 aka ɗage wannan ƙa'ida. Kafin nan, a 2014, Rasha ta rufe ƙofarta ga kayan madarar Turai saboda rikicin siyasa. Madara ta ƙaru, babban mai saye ya janye. Garin tsala ya taru a rumbunan hukuma har ya haura tan dubu 350, alhali a 2017 farashin bota ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Kun ga lissafin? Man yana da masaya a gida, tsalar ce ke neman kasuwa.

Sai aka ƙarfafa wata sana'a da dama tana nan. A ɗauki tsala, a zuba mata man itatuwa a madadin man shanun da aka cire, galibi manja da aka tace ya zama fari, wanda arahar sa ba ta haɗuwa da ta man shanu, sannan a busar a zuba a buhu mai kilo 25. Masu harkar da Faransanci suna taƙaita sunansa da harufa uku, MGV. A dokokin abinci na duniya, sunansa haɗin tsala da man itatuwa, ba a yarda a kira shi madara kai tsaye ba, kuma an ce a rubuta a jikinsa cewa ba ya maye gurbin abincin jarirai. Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninsa. Amma in an farke buhu an ƙulla a leda, wa ke ganin rubutu?

Ga wani lissafi da kowane makiyayi zai iya yi da yatsu. Kilo ɗaya na gari yana ba da kimanin lita 8 in an dama. Buhu ɗaya ke nan lita 200. In saniyarka na ba ka lita biyu a rana bayan maraƙi ya sha, to buhu ɗaya ya tsaya a madadin tatsar shanu ɗari. Tirela guda kuma buhu nawa take ɗauka? A tsarin harajin duwan na bai ɗaya da ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara aiki da shi a 2015, kashi 5 cikin ɗari kacal ake karɓa a kan irin wannan babban buhu. A Kenya da maƙwabtanta na gabashin Afirka kuwa, harajin garin madara kashi 60 ne, kuma a can yawancin madarar da ake sha ta shanun ƙasar ce. Wannan ne ya sa a 2018 ƙungiyoyin makiyaya da masu sarrafa madara na Nijar da Mali da Burkina Faso da Cadi da Senegal da Muritaniya suka tashi da gangamin kare madarar gida.

Mu faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Ɗan kasuwar da ke sayar da buhun nan ba ɓarawo ba ne, halal yake nema, kuma talakan birni da ba ya iya sayen kindirmo da shi yake ba ƴaƴansa shayi mai fari. Da rani ma, ko an hana shigo da shi yau, madararmu ba za ta ishi biranenmu ba. Abin da muke roƙon ƴan'uwa ƴan kasuwa shi ne a san abin da ake sayarwa, a duba jikin buhu, a gaya wa mai saye ko na man shanu ne ko na manja, kuma kada a bari uwa ta saya wa jariri tana zaton madara ce. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage gare mu

Ƙaramin injin hannu har yanzu ana ƙera shi, kuma ba ya buƙatar lantarki. Masu aiki da shi sun san ƙa'idojinsa. A tace madarar da tsabtataccen ƙyalle tukuna, don gashi da ƙasa kada su toshe shi. A zuba ta da ɗuminta, jim kaɗan bayan tatsa, domin mai sanyi ba ta rabuwa da kyau. A juya mariƙi daidai wa daida, ba gaggawa ba sanyin jiki. In an gama a kwance faya-fayan nan ɗaya bayan ɗaya a wanke da ruwan zafi a shanya, in ba haka ba madarar gobe ta lalace. Amfaninsa a wurinmu ya fi fitowa da damina, lokacin da madara ke yawa hanya kuma ta yanke. Man da aka raba aka soya yana jira har rani, yana ƙetare iyaka ba firji, kuma kun fi mu sanin darajar kwalbar man shanu a kasuwannin Katsina da Kano da Sakkwato. Tsalar kuma ta zama nono, ko a ba maruƙa. Ƴan'uwanmu na arewa masu yin cuku sun daɗe da gane wannan hikima ta mayar da madarar damina abin ajiya.

A kewayen Yamai, a garuruwa irin su Hamdallay da Kollo, akwai cibiyoyin tara madara da ƙungiyoyin makiyaya ke da hannu a cikinsu, inda ake gwada ta, a sanyaya, a kai wa masana'antu. In irin wannan ta zo yankinku, ko wani shiri ya kawo muku inji, tarihin nan ya ba ku tambayoyin da za ku yi tun kafin a aza tubali. Injin na wane ne, kuma in ya lalace wa zai gyara? A gaban wa ake auna man? Wa ke yanke farashi? Tsalar ina za ta? Da rani, wa zai kawo dusa da angurya don shanun tatsa su zauna kusa? Sai ta ƙarshe, wadda ardo da dattawan ruga ya kamata su yi wa kansu: sunan wa za a rubuta a littafin biya? A al'adar ruga nono na mace ne. Da shi take sayen gishiri da sabulu da maganin yara da kayan ɗakin ƴarta. An sha ganin inda madara ta fara kawo kuɗi masu kauri, sai maigida ya ce shi zai riƙa kaiwa a babur, kuɗin kuma ya tsaya a aljihunsa. In haka ta faru, ruga ta samu inji, tukunyar gidan kuma ta rage.

De Laval ya rasu a 1913, bai taɓa ganin rugar Fulani ba. Amma ledar garin da ke hannun mai shayin tasha, ta cikin injinsa ta biyo. Ana cewa nagge daɗi goma. A cikin goman nan, mai ne ya fi kuɗi, kuma wanda ya riƙe injin shi ke ɗaukarsa.

Masu sauraro da ke da irin wannan inji a ƙungiyarsu, ko suka taɓa kai madara cibiyar tarawa, muna son jin yadda ta kaya, daɗi ko akasinsa. A aiko mana da saƙo ta hannun wakilanmu ranar kasuwa, za mu karanta a fili. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dabbobi da masu su, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.